Ranar da Na Yi wa Duwatsun Tagwai Kwalliya

Bari in faɗa da bakina kada wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba 'yata ba ce, ba matata ba ce, ba kuma Alhajin nan mai jibgegiyar mota ba ne, ko da yake shi ma in an auna ba zai rasa nasa mudun ba. Ni ne, da furfurata da bokitina.

Boko na taɓa shi, ban dai cinye ba. Na bar firamare ana saura ƙiris in gama, don haka ina karanta allon hanya, ina sa hannu a takarda, kuma in aka yi Turanci a hankali nakan gane ko zagina ake yi. Aikin da na ci abinci da shi har na yi ritaya shi ne leburanci a wani ofishi nan Minna. Amma kada a raina ni, ni lebura ne mai fanni. Duk ranar da aka ce wani babba zai kawo ziyara, ni ake nema. In jera duwatsu a bakin hanya kamar sojoji, in kwaɓa farar ƙasa in shafe su, in bi gindin itatuwa in sa musu farar safa har gwiwa. Kuma kwaɓina ba irin na kowa ba ne. Ina zuba gishiri, in jiƙa ƙaro in tace a ciki, in ɗiga ɗan shuɗi. Na sauran leburori ruwan farko ke wanke shi. Nawa sai a yi wa babban canjin wurin aiki, a kawo wani, shi ma a sallame shi, duwatsuna suna nan fari tas. Da wannan nake taƙama a gida tun yarana suna ƙanana, har sun haddace.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, Uwata nake ce mata don sunan mahaifiyata ta ci, ita ce ta yi karatun zanen gine-gine. Ta gama ta dawo mana unguwarmu Kpakungu ta zauna. Zaman nan ya yi tsawo. Takan zana wa wasu shago ko gidan haya, su karɓa su sa sunansu. Ina ganinta tana ramewa a ɗakin da ko tagar kirki babu, ga ƙarar injin markaɗen maƙwabta, ga mai walda a bayan katanga.

Sai Allah ya kawo wata ƙungiya ta 'yan gari masu hannu da shuni, waɗanda yawancinsu ke zaune Abuja da Kaduna. Sun sami fili a kan wani tudu can wajen Tagwai, inda ake hango ruwan dam, suna son a gina wurin tarbar baƙi masu zuwa shan iska da kallon ruwa. Zanenta aka ɗauka. Aikinta na farko ke nan da sunanta a kai.

Ranar da ta fara kai ni in gani, an kusa gamawa. Muka sauka daga keke napep muka hau tudu. Na duba gabas, na duba yamma.

"Uwata, ina ginin?"

"Ga shi a gabanka, Baba."

Sai da na ƙura ido. Ashe abin da na ɗauka gefen tudu ne, bango ne na jar ƙasa da aka daddanna, launinsa ɗaya da ƙasar da muke takawa. Rufin ya kwanto kamar yadda tudun ya kwanto. Akwai wani ƙaton dutse da Allah ya ajiye a wurin tun kafin kakanninmu, ba ta fasa shi ba, sai ta jingina ginin da shi, ya zama bango guda na zauren. Wata tsohuwar kaɗanya tana tsakiyar tsakar gidan, an kewaye ta an bar ta tana harkarta. Hanyar shiga kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce, tana karkacewa tsakanin duwatsu masu gansakuka, nan ɗaya can biyu, kamar awaki sun watse a kiwo.

Ta ce, "Wanda ya zo nan ruwa da dutse ya zo gani, Baba. Ba na son ginin ya tare masa ido. So nake ya zama kamar nan ya tsiro."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. A zuciyata kuwa cewa na yi, wayyo yarinyar nan, kayan aiki sun ƙare mata tana jin kunyar faɗa.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji, bai taɓa son zanen ba, 'yan kwamitinsa ne suka rinjaye shi. Shi so yake a liƙa tayil, a sa gilashi mai shuɗi, a yi farin fenti yadda tun daga titi za a san an kashe dukiya. Sun daɗe suna ja, ita da shi. A ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: ta gama yadda ta zana, 'yan ƙungiya su zo su gani da idonsu sau ɗaya. In ya yi musu, a bar shi haka, a kuma ba ta sauran aikin, wato ɗakunan kwana da hanyoyin zagaya tudun. In bai yi musu ba, a miƙa wa ɗan kwangila ya gyara yadda Alhaji ke so, ita kuma ta kama gabanta. Ita ta zaɓi lokacin: ƙarshen damina, ciyawa na kore, kuma bayan la'asar, sa'ad da rana ke faɗa wa bangon.

Duk wannan a gabana ta faɗa wa uwarta, ina cin tuwo. Amma kunnen tsohon lebura abu ɗaya ya tsinta: manya za su zo.

Manya za su zo, duwatsu ba fari? Itace ba safa? A ce 'yar wane, wanda garin nan ya san bokitinsa, ta tarbi baƙi a wuri kamar kufai? Na ce a raina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban gaya wa kowa ba. So nake ta zo ta gani ta ce, ashe Baba yana da rana.

Ana gobe za su zo, ta sallami ma'aikata don kada a tattake ciyawa, ita kuma ta wuni a gari wajen kafinta tana jiran bencunan zauren. Ni kuwa ina idar da sallar asuba na ɗauki buhun farar ƙasa da burushi na nufi Tagwai.

Mai gadin wurin tsohon abokina ne, mutumin kudancin Kaduna, tare muka yi aiki a ofishi. Kirista ne, ina ce masa Fasto ko da yake ko ƙararrawa ba a taɓa ba shi ya kaɗa ba. Shi kuma Injiniya yake ce mini.

Ya ga buhu ya ce, "Injiniya, Madam ta ce ko ganye kada a taɓa."

"Madam ɗin wa ya haife ta?"

"Kai ne."

"To ɗebo ruwa."

Ya ɗebo. Wallahi ban taɓa aiki da zuciya ɗaya irin na ran nan ba. Duwatsun hanya da suka watse na mirgino su na jera su sahu biyu, na shafe. Kaɗanya na sa mata safa. Na bi gindin jan bangon nan na ja masa farin layi mai kauri, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko zare ban ɗaura ba amma ya miƙe sak. Da na waiwaya na ga ƙaton dutsen nan tsirara, sai tausayinsa ya kama ni. Na hau tsani na rubuta masa BARKA DA ZUWA, kowane harafi ya kai tsayin yaro. Ƙaro kuwa na ninka shi, tunda aikin 'yata ne.

Fasto ya ja da baya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu kam ya zama kamar wurin gwamnati."

Na ce, "Ai ka gani."

Washegari da hantsi na sa babbar rigata ta Juma'a na ce zan raka ta. A cikin keke ina ta danne murmushi. Tun daga titi aka hango rubutuna yana ƙyalli. Ina kallon gefen fuskarta ina jiran godiya.

Ta sauka, ta taka a hankali har bakin sahun duwatsun, ta tsaya. Sai ta zauna a ƙasa, da kayanta masu kyau, ta ɗora hannu biyu a ka. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, ko ranar da kakarta ta rasu.

"Fasto," ta ce, muryarta can ƙasa, "wa ya shigo nan jiya?"

Fasto ya tuna yana da tukunya a wuta.

Na ce, "Ni ne, Uwata. Na ga manya za su zo."

Ta ɗago ta dube ni. Da ta yi mini tsawa da na fi jin daɗi. Tambaya ɗaya ta yi.

"Da me ka kwaɓa, Baba?"

Na buɗe baki in faɗa, sai na ga ta riga ta sani. Gishiri, ƙaro, shuɗi. Tun tana rarrafe take jin wannan karatu.

Ban gane zanenta a lokacin ba, ƙarya ne in ce na gane. Fuskarta na gane.

Ta buga wa Alhaji waya ta roƙi a ɗaga zuwan ko da kwana kaɗan. Ina jin muryarsa tana fitowa: mutane sun taso daga Abuja da Kaduna, gobe kowa zai koma, yau ne ko babu. Ta kashe wayar ta tuɓe takalmi ta ce a kawo ruwa.

Na cire babbar riga na rataye a kaɗanya. Aka aika gida, matata ta bar kaskon ƙuli-ƙulinta ta zo da garin sabulu da soso da duk burushin da ke unguwa. Matata mutuniyar Bida ce, ba ta da yawan magana, tara ta take yi kamar adashi sai ranar kwasa. Ta dubi dutsen, ta dube ni, ta ɗaure zane ta durƙusa.

Muka fara da duwatsun hanya. Soso ya bi ta kai kamar ana shafa musu mai. Muka koma burushin ƙarfe. Shi yana cirewa, amma tare da gansakukar da ta shekara aru-aru a jikin dutsen, sai ya bar tabo fari-fari kamar mai kyasbi. Ƙananan muka juya su muka kifa farin a ƙasa, sai cikinsu mai danshi ya fito sama, launinsa daban, ga kiyashi suna gudu. Ta ce a mayar da su inda suke da. Wa ya san inda suke da? Ni da na kwashe su ban duba ba. Tana nuna mini hoto a waya, ina mirgina dutse, ina haki, tana cewa ba nan ba, Baba, can gaba, ba wannan ba, wancan mai tsagi.

Rana ta take. Farar ƙasa da sabulu suka cinye mini tafin hannu har ya fara tsagewa. Na bar duwatsu na ce bari in taimaka da bango. Na ciko bokiti na watsa wa layin nan nawa, na sa burushi da ƙarfina. Farin bai tafi ba, bangon ne ya tafi. Jar ƙasa ta narke ta biyo hannuna, ta bar rami kamar ɓera ya yi gida.

"Baba, bari. Don girman Allah bari."

Na bari. Na tsaya da burushi a hannu kamar ɓarawon da aka haska wa fitila.

Ta kwaɓa jar ƙasa da kanta ta bi layin tana shafewa. Da ɗanyenta sai ka ce an dace. Tana bushewa farin ya riƙa leƙowa ta ƙasa, bangon ya zama kamar fuskar da aka yi wa hoda a cikin duhu. Ta sake shafawa. Ya sake leƙowa.

Da azahar na yi sallah a gindin kaɗanya na roƙi ruwa. Ban taɓa roƙon Allah wani abu da irin wannan naci ba, har da kuka, ni da na aurar da ƙannena. Wani ɗan gajimare ya taso ta wajen Garatu. Fasto ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Injiniya, ka yi irin taku, ni ma na yi irin tamu, ko ɗaya za ta shiga."

"Allah ya amsa."

"Amin. Sai dai ko ya sauko, ba kai ka ce naka ruwa ba ya wanke shi ba?"

Gajimaren ma ya ji maganar ya juya.

Saura rubutun. Na hau tsani, na goge, na kankare da wuƙa, na bi da dutse. Har la'asar ta yi, abin da na iya ci bai wuce harafin farko da rabin na biyu ba, su ma inuwarsu tana nan. Ina can sama na hango motoci sun karyo kwana. Na dubi ƙasa na ga Uwata tana wanke hannu a bokiti, tana gyara ɗankwali. Jar ƙasa har gwiwar hannunta.

Suka hau tudu, maza da mata, ana ƙamshin turare. Ba zan ɓoye ba, wasunsu da suka shiga zauren sun tsaya suna kallo. Wata Hajiya ta zauna a benci ta dubi ruwa ta tagar nan mai faɗi, ta ce, "Kai, wurin nan da sanyi yake, kamar a gindin kuka." Wani ya dafa bango yana shafawa. Rana ta faɗo ta yamma, kuma daga saman layina zuwa rufi bangon ya yi wani irin ja mai taushi wanda ban san ƙasa tana da shi ba. A nan na fara hango abin da yarinyar take nufi, sa'ad da hangen ba shi da sauran amfani.

Alhaji bai shiga ba. Yana waje yana kallon rubutuna da safar kaɗanya, yana murmushi.

"Ashe dai kin ji shawara," ya ce mata. "Kin fara fenti lokaci ya ƙure miki. Ai tun daga titi na hango, na ce yauwa. Jama'a ku fito ku gani, ita da kanta ta gane wurin yana son fari. Dubi inda aka shafa, dubi inda ba a shafa ba."

Na sauko daga tsani ba riga, hannu na jini, na durƙusa a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni na yi, ba ita ba. Ni ne ubanta. Ba ta sani ba, karambanina ne. Ku dubi ginin yadda ta yi shi, ku manta da farin nan, don Allah don Annabi."

Har Turanci na jefa a ciki, wanda ni kaina ban san inda ya faɗa ba.

Alhaji ya yi dariya ya kama kafaɗata ya tashe ni. "Haba Baba, tashi. Ai ka yi aikin manya." Ya juya gare ta, a gaban mutanen nan duka. "To ke mai zane, faɗa mana. Abin da mahaifinki ya yi, kuskure ne?"

Kowa ya zuba mata ido. Kalma ɗaya ake nema. In ta ce e, ta yi bayani, ga Hajiyar nan da wasu a shirye suke su bi bayanta. Ina yi mata alama da ido, ina cewa a zuciyata faɗi, Uwata, faɗi, ni ba ni da sauran mutuncin da za ki tsare. Amma yarinyar da uwarta ta yi wa tarbiyya ba za ta tsaya gaban baƙi ta ce ubanta ya yi wauta ba, ko da ubanta yana tsaye ba riga yana roƙonta ta faɗa.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba ya yi abin da ya ga ya dace."

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Magana ta ƙare."

Ta ƙare kuwa. Waɗanda suka so ginin suka ga mai shi ma ba ta kare shi ba, suka yi shiru. Kafin sanyi ya shigo an miƙa wa ɗan kwangila. An yi wa jan bangon filasta an shafe shi fari, an liƙa tayil, an miƙar da hanya. Kaɗanya aka ce tana zubar da ganye a kan tayil, aka sare ta. Ɗan kwangilar har aiko mini ya yi, wai Alhaji ya yaba da hannuna, in zo in ƙarasa rubutun dutse. Na ce a gaya masa na mutu.

Uwata ta sami aiki a Kaduna ƙarƙashin wani, ta koma zana abin da za a sa sunan wani a kai. Kullum da safe sai ta bugo ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi hannuna ko ya warke. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da za ta zage ni sau ɗaya da na sami barci.

Mutum kuwa ba ya iya zama da wautarsa kullum ba tare da ya nema mata ɗan zane ya rufa mata ba. Wata yamma ina zaune a tsakar gida, matata tana murza ƙuli-ƙuli, wani maƙwabci ya shigo yake ba da labarin ya kai iyalinsa Tagwai, wai tun daga titi ake hango wurin, sun tsaya sun ɗauki hoto a ƙofa sun wuce bakin ruwa, don cikin akwai zafi. Da ya fita na gyara murya.

Na ce, "Kin ji dai. Ko ba komai yanzu baƙo ba ya ɓata. Nata kuwa, ni ubanta ma sai da aka nuna mini. In an bi ta gaskiya, ba duka na yi kuskure ba."

Ba ta ɗago ba. Ta jefa ƙuli a mai, ta juya shi.

"Malam, ka ƙare ƙuruciyarka kana yi wa duwatsu fari don manya su gani su wuce. A cikinsu wa ya taɓa tsayawa ya tambayi sunanka? Yarinya ta gina inda mutum zai zauna, ka je ka mayar mata da shi inda ake wucewa. Miƙo mini matsami."

Na miƙa mata.